Bazarar da Langata Ta Dawo Wayam

Bana azumi ya sake zagayowa cikin bazara, kuma duk wanda ya san Gwagwalada ya san abin da hakan yake nufi. Kafin hantsi ya ɗaga rufin kwano ya fara ƙas-ƙas, ƙadangaru sun laɓe a gindin randa, fanka ma idan an kawo wuta zafin kawai take juya wa mutum a ka. Shekaranjiya bayan la'asar ina tsakar gida ina tace tsamiyar kunu, sai ga 'yata Ayashe ta fito daga ɗaki da gorar ruwa, ta zauna a gabana ta kafa kai. Da muka haɗa ido ta ce, "Umma, ki kau da kai mana, kina sa ni jin kunya."

Na ce, "Sha abinki. Ni ganin maƙogwaronki yana motsi ya fi mini buɗa-baki daɗi."

Ayashe ba ta azumi. Likita ya hana, malamai kuma sun ce ta ciyar. Ina kallonta tana shan ruwan nan sai zuciyata ta koma wata bazarar, shekara talatin da 'yan kai, rabon da azumi ya faɗo a irin wannan zafi.

A lokacin ban daɗe da zuwa daga Zariya ba. Maigidana, Malam, yana da ɗan shagon kayan masarufi kusa da tasha, muna haya a bakin gari cikin Gbagyi manoma. Inda yanzu benaye da shagunan waya suka cika, a da kunyoyin doya ne da bishiyoyin mangwaro. Katangarmu ɗaya da Mama Ladi, wata Bagbagyiya Kirista mai murya kamar ana kiran kasuwa, wadda tun ranar da na tare ta sa mini suna 'Yar Zariya, ba ta kuma taɓa kirana da wani ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Kafin Ayashe na haifi maza biyu, duka na binne. Hanya ɗaya suka bi: hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, zazzaɓi, kuka har murya ta dushe, sai shiru. Shi ya sa da na haifi ta ukun, aka raɗa mata Hauwa'u amma ake kiranta Ayashe, sunan 'ya'yan wabi, wai ko mutuwa za ta raina ta ta wuce. Surukata Inna kuwa daga Zariya take aiko da saƙo cewa nonona ne ba shi da kyau. Ban taɓa mayar mata da magana ba, amma duk sanda zan ba yarinyar nono sai gabana ya faɗi.

Bazarar nan ruwan sama ya yi jinkiri. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, guga ya riƙa dawowa da laka. Da an sallame asuba sai mu ɗauki tuluna da bokitai mu gangara rafi, wanda ya zama yashi zalla. Mu durƙusa mu yi ta tono da sakaina har hannu ya nutse zuwa kafaɗa, sannan mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo. A hankali yake taruwa, jajaja, kana kwalfa da moɗa kana lallashinsa kada yashi ya rufta. Mu Hausawa a ka muke ɗauka, matan Gbagyi kuwa a kafaɗa, don su ba sa ɗora wa kai kaya. Mama Ladi kullum sai ta tsokane ni: "'Yar Zariya, kai ɗin da za ki yi tunani da shi kin mai da shi jaki."

A gida a jefa alif a jira ya kwanta. Ruwa ɗaya sai ya yi aiki uku: a wanke shinkafa, a wanke kwanuka da shi, sauran a yayyafa a ɗaki don a samu sanyin kwanciya. Rumbunan maƙwabta sun yi ƙasa, doyar da ta rage ta iri ce, ba mai taɓa ta ko yara na kuka. Dawa ta yi tsada. Mangwaro ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri, yara su wuni suna tsotsa, bakinsu da ƙirjinsu duk danƙo, ƙudaje na binsu. Da azahar gari yakan yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Leɓɓana su tsage, harshe ya yi nauyi, in jiƙa zani in lulluɓa wa Ayashe, kafin in idar da salla ya bushe.

Cikin wannan hali likitoci biyu suka sauka a ɗakin shan magani na unguwarmu. Ɗaya Dakta Haruna, saurayi siriri daga jami'ar nan tamu. Ɗayar Baturiya ce daga wata jami'a ta ƙasar waje, doguwa, ba ta rabuwa da baƙar lema, don haka kafin a koyi sunanta mata sun riga sun sa mata Mai Lema. Mai unguwa ya tara maza a ƙofar gidansa, mu mata aka tara mu a gindin mangwaro. Dakta Haruna ya ce jami'o'insu biyu ne suka haɗa hannu, suna so su gano abin da yake kashe ƙananan yara a yankin, kuma aikin zai buƙaci ɗan ɗigon jini daga yatsan yaro.

Mama Ladi ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "Oga dakta, mun taɓa gani. Wasu ya zo da farin mota, ya ɗebi jinin yaranmu a makaranta, ya raba alewa, ya ce zai dawo da magana. Yaran nan yanzu wasu ya yi aure. Har yau muna jira."

Na zaci zai kare su. Sai ya ce, "Mama, gaskiya kika faɗa, kuma ba ni da bakin ba su kariya. Abin da zan iya cewa shi ne, jinin a nan za a gwada shi, ba za a hau jirgi da shi ba. Kuma duk wadda ta ce a'a, ɗanta za mu duba shi kamar na kowa."

Da aka zo kaina, na dubi yatsun Ayashe, ƙanana kamar zangarniyar da ba ta nuna ba. Malam ya riga ya ce mini shawara tana hannuna, ni na san zafin haihuwarta. Na ce a'a. Yarinyar da jininta bai ishe ta ba, ban ga dalilin ba da ko ɗigo ba. Mai Lema ta yi magana, Dakta Haruna ya fassara: wai ta gode da na faɗa musu a fili. Ba su ƙara ko kalma ba, suka wuce ta gaba.

Amma baƙo baƙo ne, ga shi kuma Dakta Haruna gwauro ne yana azumi ba mai dafa masa. Da yamma na zuba kunun tsamiya a wata 'yar langata mai murfi, mai zanen jan fure, cikin kayan aurena, na ɗaure ƙosai a ganye, Malam ya miƙa musu a hanyarsa ta masallaci. Washegari da hantsi sai ga sallama. Mai Lema ce da kanta, tana murmushi, tana "na gode, na gode" da Hausarta mai tuntuɓe. Ta miƙo langar an wanke ta tas, har ƙyalli take. Da ta tafi na buɗe murfi. Wayam.

Ni dai dariya na yi. Amma Mama Ladi tana leƙe ta katanga, kuma kafin rana ta yi tsaka labari ya isa rafi. A wurinmu, Hausa da Gbagyi, Musulmi da Kirista, ba a mayar wa maƙwabci da mazubinsa babu komai. Ko barkono uku ne, ko ɗan gishiri a ƙulle, sai an saka. Mama Ladi ta tsaya a bakin ramin ruwa tana cewa, "Kun gani ko? Ya sha, ya wanke, ya dawo da wayam. Haka zai yi da jini." Matan da suka ce e a gindin mangwaro suka fara janyewa. Aka yi kwanaki ɗakin shan magani ba kowa sai ƙudaje.

Mama Ladi ba ta iya gulma ba, gaba da gaba take yi. Ta ja ni har wurinsu ta zayyana wa Dakta Haruna komai. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Mama, laifina ne. Ni namiji ne, a gidanmu ci kawai na sani, ban taɓa leƙa abin da ake sakawa in langa za ta koma ba." Ya juya ya yi wa Mai Lema bayani. Na ga fuskarta ta yi ja har kunne. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ai abin bai kai ya kawo ba. Ta tambaya, me ake sakawa?

Mama Ladi ta ce, "Komai. Ba tsada ake dubawa ba. A san dai ka tuna da mai langa."

Da yammar nan na sake aika kunu. Langa ta dawo da mangwaro biyu, ɗaya ma ɗanye ne shar, ba ta iya zaɓe ba.

Azumi ya raba tsakiya ke nan abin da nake tsoro ya zo. Da azahar ne, rana tana tsakiyar ka. Ayashe ta farka da wani irin ƙara, na taɓa hannunta ta ƙanƙame. Bayan hannun ya kumbura suntum, ƙafafun ma haka, jiki kamar garwashi. Na san wannan kukan. Sau biyu na taɓa jin sa, kuma na san inda yake ƙarewa. Na zauna a ƙasa na rungume ta. Mama Ladi ce ta faɗo gidan ba sallama, ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta ce, "Tashi, 'Yar Zariya!"

Na ce, "Mama, na ce musu a'a fa. Da wane ido zan je?"

Ta ce, "Da wannan na fuskarki. Yau za mu ga ko maganar oga dakta gaskiya ne."

Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Da muka isa, Dakta Haruna bai tambayi komai ba sai yaushe ya fara. Shi ma leɓɓansa a bushe suke da azumi. Ya sa mata ƙarin ruwa, ya ba ta maganin zafin ciwo, Mai Lema tana riƙe da ƙafar tana fifita da murfin kwali. Sai da kukan ya lafa ya durƙusa daidai fuskata ya ce, "Maman Hauwa'u, ina so in gwada jininta don in san me nake yi wa magani. Wannan ba na bincikenmu ba ne, a'arki tana nan yadda kika faɗe ta. Sakamakon naki ne ke da mahaifinta. Kin yarda?" Na gyaɗa kai. Ya nuna mini injin gwajin jini a ɗaki na gaba, wanda jami'ar su Mai Lema ta kawo, ya ce ko aikin ya ƙare a nan zai zauna.

Bayan kwana biyu ya nemi mu zo ni da Malam, ya roƙi izini ya gwada mu mu ma. Sannan ya zaunar da mu ya ce ciwon sunansa sikila, shi ne mutanenmu suke ce wa amosanin jini. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Gado ne, kuma ba ya kama yaro sai ya ɗauko rabi daga uwa, rabi daga uba. Mu biyun duka muna ɗauke da shi, lafiyarmu ƙalau, ba mu sani ba.

Malam ya ce, "Dakta, ke nan ba nono ba ne?"

"Ba nono ba ne, Malam. Nonon ma shi ya riƙe ta zuwa yau."

Malam ya ce, "To, ni zan je Zariya da bakina in gaya wa Inna." Ni kuwa hawaye ne kawai suke zuba, ban san na daɗi ba ne ko na yarana biyu da suka tafi ba a san sunan abin da ya ɗauke su ba.

Dakta ya ce ba a warkewa, amma ana rayuwa da shi. Ya ba mu ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓi, ya ce ta riƙa kwana a gidan sauro. Babban abu kuma ruwa. Ta sha, ta ƙara sha, tsabtatacce, kada a bari ƙishi ya kama ta, don zafi da ƙishi su ne suke tayar da ciwon. Mama Ladi da ke bakin ƙofa ta sheƙe da dariya. "Ruwa! Oga dakta, wane ruwa? Ku da mota yake kawo muku a tanki."

Washegari da sassafe muna tono sai ga lema tana gangarowa rafi, Dakta Haruna a baya ya naɗe ƙafar wando. Mai Lema ta durƙusa ta karɓi sakaina. Ramin da ta tona sau biyu yana ruftawa, mata suna ta shewa, Mama Ladi tana cewa, "A'a, Baturiya, ba kabari ake haƙa ba!" Ta zauna a yashi tare da mu har ruwan ya taru, ta ɗaga moɗa ta daɗe tana kallon launinsa. A ranar suka buɗe tankinsu ga duk gidan da yake da yaro marar lafiya, wanda ya shiga bincike da wanda bai shiga ba. Dakta Haruna ya gaya mana kuma sun sanar da manyansu a jami'o'in biyu cewa ɗibar jini za ta dakata sai ruwa ya sauka, ko da hakan zai ja musu faɗa.

Tankin bai isa ba, motar ma ba kullum take zuwa ba. Sai matan rafi suka fito da nasu tsarin, ba wanda ya sa su. Duk wadda ta hauro da ruwa sai ta biyo ta ƙofata ta zuba moɗa ɗaya a randata. Moɗar Ayashe, haka suke ce mata. Masu azumi da leɓɓansu a fashe, da masu zuwa coci da su ma suke cikin nasu azumin, kowacce ta tsiyaya ta wuce. In tafasa, in tace da farin ƙyalle, in sa a inuwa ya huce, in bi yarinyar da cokali ina lallashi. Haka muka ƙarasa goman ƙarshe. Kumburin ya saɓe a hankali, ranar jajibiri ta kama yatsana ta miƙe tsaye.

Ruwan farko bayan salla ya zo. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin da la'asar, iska ta taso tana kaɗo mangwaro tim, tim, sannan aka ɓarke. Ƙamshin ƙasar nan har yau yana hancina. Muka fito da duk abin da zai iya tarar ruwa, har tukunyar miya. Maza suka kwana da fartanya a kusa, gari na wayewa aka bazama kan kunyoyin doya. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa da Ayashe a hannu, ta miƙa tafinta tana tarar ruwan indararo tana lasa.

Bayan an kai amfani gida likitocin suka sake tara mu a gindin mangwaron nan. Da Hausa da Gbagyi aka yi mana bayanin abin da suka gano a jinin yaran da iyayensu suka yarda, da abin da ba su gano ba tukuna, aka kuma tambaye mu me muke so a duba a gaba. Sakamakon kowane yaro kuwa a keɓe aka gaya wa iyayensa. Mama Ladi ta juyo ta ce mini, "To, yau langa ya dawo da kaya." Sunan ya bi taron, har yau ranar mayar da langa muke ce masa, kuma tun daga lokacin ba shekarar da aka tsallake. A ranar na je da ƙafata na ce a sa Ayashe a ciki.

Ba kowace shekara suke zuwa da albishir ba. Akwai shekarar da Dakta Haruna ya tsaya ya ce wani garin ƙarin abinci da suka gwada ba wa yara bai rage ciwon ba, kada kowa ya wahalar da kansa nemansa. Akwai yaran da muka yi ta zuwa asibiti tare da iyayensu, amma yaran ba su rayu ba, Allah ya sa masu ceto ne. Ayashe ma ta sha kwanciya, har yanzu in ciwon ya motsa sai ta ciji filo. Amma ta yi makaranta, ta yi aure bayan an gwada jinin mijin, kuma jikata da aka haifa bara an ɗan tsaga dugadugin ƙafarta aka gwada, muka ji sakamako kafin suna.

Dakta Haruna ya je ƙasar su Mai Lema ya ƙaro karatu ya dawo. Yanzu furfura ta cika masa kai, farfesa ake ce masa, shi ne shugaban aikin, ɗalibai daga can suke zuwa koyo a ƙarƙashinsa. Mai Lema ta tsufa, ta daina hawa jirgi, sai dai a ranar taro a ɗaga mana waya mu ga fuskarta tana "sannunku, sannunku". Ruwa kuma yanzu na leda ake saya, 'yan garuwa suna turo kura har ƙofa, rafin da muka tona an yi gidaje a bakinsa.

A farkon azumin nan Ayashe ta ce mini an kawo wata sabuwar ɗaliba daga can, yarinya ƙarama, zafi duk ya fito mata da ƙuraje. Jiya da Ayashe za ta je ganin likita na ɗauko langar nan, bakinta ya ɓantare, jan furen ya koɗe, na zuba kunu na ce ta kai mata. Yau da yamma ta biya ta karɓo. Kafin in buɗe na ɗan girgiza. Na ji abu yana gungurawa a ciki.

Dabino ne, da mangwaro biyu nunannu.

Ayashe ta ce, "Wai tun kafin ta hau jirgi tsohuwa Mai Lema ta kira ta ta gaya mata. Har da yadda ake zaɓen mangwaro."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Na yi bismilla na kai dabinon baki. Ayashe ta ɗebo ruwa a randa ta miƙo mini moɗar da hannunta biyu, ta zauna a gabana ta zuba tagumi.

"Sha, Umma," ta ce. "Yanzu ni zan kalla."